Shekara uku a layin Hausa na wani kamfanin POS a Legas, ga abin da na gani da idona

Tun da na ajiye aikin nan yara suke tare ni, musamman waɗanda suka gama bautar ƙasa a nan Legas kuma ba sa son komawa gida su zauna, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai Yaya ya aiki yake a kamfanonin nan na tura kuɗi ta waya masu raba na'urar POS, ana biya kuwa, ana barin mutum ya yi sallah, da gaske ne sai kana da wani a ciki. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a ƙofar masallaci shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba, akwai mutanen kirki da har gobe a nan suke neman abincinsu. Na shiga a watan Agustan 2022 na fita a tsakiyar 2025, kusan shekara uku kenan, duk a sashen kula da kwastomomi, layin Hausa.

Abu na farko da zan yaba musu, kuma har ga Allah na yaba, shi ne yadda na samu aikin. Ban san kowa ba. Talla na gani a LinkedIn suna neman mai jin Hausa da Turanci, na tura takarduna da daddare ta waya ina kwance a ɗakina a Agege, kafin sati ya zagayo aka kira ni. Intabiyu uku aka min duk ta Google Meet, a ta ƙarshe wata mata ta zama kamar kwastomar da kuɗinta suka maƙale tana ta faɗa ni kuma in kwantar mata da hankali. Ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wane ne ni, ba takardar sanata, ba a ce in kawo ko sisi ba. Duk wanda ya taɓa yawon neman aikin gwamnati da fayil a hammata har takalmi ya cinye ya san darajar wannan abu.

Ranar farko aka miƙo min sabuwar laftof a kwali da katin shiga, aka sa ni a Slack, manhajar da ma'aikata ke tura wa juna saƙo a kanta. Abin da ya fi ba ni wahala a satin farko ba aikin ba ne, kiran suna ne. A wajen ba a cewa oga ba a cewa yallaɓai, shi kansa shugaban kamfanin sunansa ake kama masa gatsal, yarinya 'yar ashirin da biyu za ta ɗaga hannu a mitin ta kira sunan mutumin da ya kusa haihuwarta ta ce masa ita ba ta yarda da lissafinsa ba, shi kuma ya tsaya ya saurara har ya ce ta yi gaskiya. Ni da aka tarbiyyantar in rusuna in gaida babba sai da bakina ya yi wata guda bai iya ba. Har yau ban ce wannan ɗabi'a ce da zan kai gidana ba, amma a wajen aiki na ga amfaninta, kuskure ba ya samun wajen ɓuya tunda ƙarami na iya ce wa babba ga rami nan a gabanka.

Albashi kam ba wasa, ranarsa na yi alat zai shigo, in ta faɗo Asabar ko Lahadi tun Juma'a za ka ji shi, ban taɓa bin su bashin kwana ɗaya ba. Fansho suna zubawa da gaske, kashi 8 daga albashinka kashi 10 daga wajensu yadda dokar fansho ta 2014 ta ce, kuma duk wata kana ganin saƙon kamfanin fanshon a wayarka, ba irin wuraren da ake yanka a takarda kuɗin kuma ba su taɓa isa ba. Inshorar lafiya ta ɗauke ni da iyalina, lokacin da maiɗakina ta zo haihuwa abin ya zo da gardama aka yi mata aiki, wallahi ban ciro kuɗin aikin daga aljihuna ba, kati kawai na nuna. Wannan ba zan manta ba, Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai ba kowa ke samun haka ba, kuma wannan shi ne abin da ba a rubutawa a talla. Da yawa cikin waɗanda muke zaune tebur ɗaya ba ma'aikatan kamfanin ba ne, wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo su a kwantiragi. Waya ɗaya muke amsawa, zagi ɗaya muke sha, amma albashinsu bai kai namu ba, asibitocin da katinsu ke zuwa ba su kai namu ba, in an raba kyautar ƙarshen shekara suna kallo. Akwai wani ɗan Kaduna da muka yi shekara biyu kafaɗa da kafaɗa, ya fi ni iya aikin nesa ba kusa ba, kullum ana ce masa za a mayar da shi cikakken ma'aikaci a zango mai zuwa, har ya gaji ya tafi.

Sannan ga tsadar rayuwa da ta zo ta cinye albashin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 a Legas cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. An mana ƙari, ban ce ba a yi ba, amma ƙarin yana tafiya a ƙasa farashi yana kan babur. Su kuma injiniyoyi masu rubuta manhaja duniyarsu daban ce, kamfanin yana tsoron kada su gudu Kanada ko Ingila ko su samu aikin dala suna zaune a ɗaki, don haka su ake lallaɓawa, mu masu amsa waya an san in ɗaya ya tafi gobe goma za su turo takarda.

Zuwa ofis ba zan ja shi ba, duk ɗan Legas ya sani. Ofishin yana tsallaken gada ni ina Agege, ina sallame Asuba nake fita, Oshodi, sannan gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 wadda in go-sulo ya kama ka a kanta sai dai ka yi ta salati, lokacin da aka rufe ta ana gyara a farkon 2024 kuwa mun ji jiki. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bi ta Agege, ya ɗan rage min. Wasu ranakun daga gida muke aiki, suna ba da kuɗin data, amma man janareto naka ne, kuma in wuta ta ɗauke kira ya yanke a kanka za a rubuta.

To bari in zo kan Fabrairun 2023, don wanda bai yi aiki a irin wajen nan a watan nan ba bai san aikin ba. Kowa ya tuna, Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin kuɗi za su daina aiki 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su, mutane suna kwana a bakin ATM, masu POS suna sayar da naira da naira, ga zaɓe ranar 25. Sai duk ƙasar ta koma tiransifa a lokaci guda, har tsohuwar da ba ta taɓa buɗe asusu ba. Mu a kamfanin sababbin kwastomomi suka yi ta kwararowa kamar ruwan Agusta, manya a sama suna murna, mu a ƙasa waya ba ta sauka daga kunne. Aka soke hutun kowa, ana kawo mana abinci har tebur, wasu a ofis suke kwana.

Wani dare wajen ƙarfe ɗaya kira ya shigo, wani dattijo ne dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa da masu sauke kwanduna. Kayan daga Kwanar Gafan aka ɗauko, ya sayar, mai sayen ya tura masa kuɗi sama da miliyan ya nuna masa rasit a waya an cire, shi kuma alat bai zo ba tun la'asar, direba na tsaye yana jiran kuɗin mota ya juya arewa, manoman da suka ba shi amana suna ta kira. Ya ce min, yaro kai Bahaushe ne? Na ce eh Baba. Ya ce alhamdu lillahi, tun yamma nake kira ana min Turanci, ɗana ka gaya min tsakaninka da Allah, kuɗin nan sun tafi ko suna nan? Muryarsa tana rawa, mutumin da ya isa ya haifi babana.

Na ce Baba ku yi haƙuri ku ba wani yaro wayar mai sayen ya karanto min lambar da ke jikin rasit ɗin. Ga wanda bai sani ba, yawancin tiransifa tsakanin banki da banki ta hannun NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankuna, take bi, kuma kowace tana da doguwar lamba mai ƙwaya 30, da ita ake bin sawu a ga inda kuɗi suka tsaya, ko bankin mai turawa ne bai sake su ba, ko suna hanya, ko sun iso mu ne ba mu zuba ba. Yaron ya karanto, sau uku muna maimaitawa saboda hayaniya. Na duba na ga kuɗin sun iso wajenmu, layi ne ya yi tsawo ba su faɗa asusunsa ba. Ba ni da ikon zubawa da hannuna, sai na buga wa injiniyar da ke duti a daren, wata Bayarbiya, na ce mata ga dattijo a kasuwa da amanar mutane a wuyansa. Ba ta ce min in buɗe tikiti in jira safiya ba, ta ce in ba ta minti goma. Ina riƙe da Baba a layi muna hira kan yadda tumatir ke lalacewa a hanya sai na ji ƙit a wayarsa, ya yi shiru, sannan ya yi kabbara. Addu'ar da mutumin nan ya yi min da iyayena a daren nan ban taɓa samun irinta ba, na ce masa Baba ba ni kaɗai ba ne akwai wata yarinya, ya ce ita ma Allah Ya yi mata albarka Ya ba ta miji nagari. Na fassara mata a Slack, ta ce min ta yi hawaye.

Wannan kiran ya ɗauki kusan minti arba'in. Da aka zo duba aikin sati, shi ne ya ja min maki ƙasa.

A nan ne matsalata da wajen ta fara, kuma ita ce har na fita. Ana auna mu da tsawon kira, akwai mintunan da aka ƙayyade kada ka wuce, kuma ma'aunin ɗaya ne da layin Turanci. To ɗan Lekki in ya kira zai ce kuɗina ba su shiga ba ga lamba, shikenan. Bahaushe in ya kira sai ya yi sallama, ina wuni, ya aiki, ya iyali, ya Legas, kai ma dole ka tambaye shi ya kasuwa, in ka tsallake wannan ka ce masa mene ne matsalarka ya riga ya sa a ransa kamfanin nan ba su da mutunci, gobe zai mayar da na'urar ya karɓi ta wasu. Bayan gaisuwa kuma da yawansu ba sa karanta boko, manhajar duk Turanci ce, sai ka bi da mutum a hankali, danna koren nan, a'a ba wannan ba na ƙasansa, ka ga wani abu kamar ido, danna shi. Na rubuta wannan bayani ya fi sau biyar, na ce a ware wa layin Hausa nasa ma'auni ko a duba ko an warware matsala maimakon a ƙirga minti. Kullum amsar ita ce shawara ce mai kyau za a duba. Shugabar sashenmu mace ce mai kirki ta fahimce ni sarai, har takan gyara min maki da hannunta, amma ita ma ba ita ke da wuƙa da nama ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ci min rai. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce kowane ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, a ƙarshen Afrilun 2024 kuma ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi har zuwa watan Yuni. Namu ba ya cikinsu amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san abin yi, nan da nan aka ɗaure tantancewa tamau. Dokar tana da dalili, 'yan damfara sun yi ɓarna da asusun da ba a san mai shi ba, ni da kaina na amsa kiran mutanen da aka kwashe musu jari. Amma yadda aka tsara abin a wajenmu, kwamfuta ce ke gwada sunan da ke BVN da na NIN, in ba su yi daidai ba ta rufe asusu. Ku kuwa kun san sunayenmu. Mutum ɗaya ne, a banki an rubuta masa Mohammed, a NIN Muhammad, a katin zaɓe Muhammadu. Abubakar a nan Garba a can, Usman da Usmanu da Shehu, wani sunan garinsu ne a ƙarshe a takarda ɗaya, a ɗayar sunan kakansa. Mace ta yi BVN da sunan mahaifinta ta yi NIN da sunan mijinta. Ranar haihuwa kuma dattawa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu, shekarar ma mai cike fom ne ya ƙiyasta, wani mai cikewar ya ƙiyasta wata daban.

Sati biyu layin Hausa ba abin da muke ji sai an rufe min asusu kuɗina na ciki. Mahauta daga Oko-Oba, masu raguna daga Alaba Rago, masu shayi, masu kayan gwari, 'yan Idi-Araba, har daga Kano da Sakkwato da Maiduguri tunda layin na duk ƙasa ne. Mutum bai saci kuɗin kowa ba, harafi ɗaya ne ya raba shi da jarinsa. Na zauna da daddare ba wanda ya sa ni, na jera sunayenmu da duk yadda ake rubuta kowanne da laƙabin da ke tafiya da shi, shafi da shafi, na tura wa masu tsara manhaja. An gode min a gaban kowa a babban mitin, an tafa min. An yi amfani da jerin kuma ya rage rufe asusun, wannan na ji daɗinsa har raina. Amma tambayar da na yi ranar ita ce har yau ba a ba ni amsa ba, na ce lokacin da ake zaman tsara wannan abu tun farko, wa ke ɗakin da ya san Garba shi ne Abubakar? Babu. Duk taron masu yanke shawara babu mutum ɗaya da ya taɓa zama a arewa, alhali a taswirar da suke haskawa a bango ana nuna inda na'urori suka fi aiki, arewa cike take.

Maganar addini zan faɗi gaskiya, ba a taɓa hana ni sallah ba. Da na zo babu wajen yi, a ƙarƙashin matattakala muke shimfiɗa kwali da masu gadi, da muka yi magana mu da 'yan'uwa Yarbawa Musulmi aka ba mu wani ƙaramin ɗaki aka sa darduma da famfon alwala. Juma'a ce muka ɗan sha fama saboda an sa mitin ɗin mako ƙarfe ɗaya na rana, sai da muka yi wata uku muna magana aka matsar da shi. Da azumi abokan aikina Kiristoci su suke karɓar min dutin yamma in samu in sha ruwa a gida, ni kuma in karɓar musu na Kirsimeti da Ista, ba manaja ne ya tsara ba mu muka yi abinmu, kuma wannan zumunci yana cikin abin da nake kewa. Hutun Sallah ne matsala, kwana biyun gwamnati ba sa kai mutum Katsina ya dawo, in ba ka nemi hutunka na shekara tun da wuri ba a Agege za ka yi idi. Kalmar aboki kuwa na sha ta a farko, wani ma har da tambayata wai da gaske na yi jami'a. Sau ɗaya na kai ƙara, aka kira shi aka yi masa magana ya zo ya ba ni haƙuri, bai sake ba. Wannan ma na ba su maki.

Akwai kuma ruwa. Kamfanin yana ba masu POS bashi da ruwa a kai, wani lokaci a ce mu tallata wa wanda ya kira. Na je na ce ni ba zan iya wannan ɓangaren ba, aka cire min ba tare da rigima ba. Na ba da shawarar a yi tsari marar ruwa tunda ga bankin Jaiz tun 2012 ga TAJ ga Lotus suna yi kuma 'yan kasuwarmu da yawa abin da suke jira kenan, ita ma aka ce za a duba. Duk mai niyyar shiga ya tambayi malaminsa tun kafin ya sa hannu, kada sai ya shiga ya zo yana damuwa.

Kalmar da aka fi faɗa mana ita ce mu 'yan gida ɗaya ne. Ana yin walima, ana raba riguna, ana yanka kek ranar haihuwar kowa. Na yarda da maganar har ranar da aka rage ma'aikata. Da safe aka turo wa wasu gayyatar mitin na minti goma sha biyar, kafin su fito an rufe musu Slack da imel, wata da muke cin abinci tare kullum ko sallama ba mu yi ba sai a waya, tana da ciki wata bakwai. An biya su haƙƙinsu, ban ji wanda aka cinye wa ba, amma a gidanmu ba haka ake raba ɗan'uwa da gida ba. Da sun ce mana tun farko nan wajen aiki ne, muna biyanku kuna mana aiki, da ya fi min sauƙi a zuciya.

Abin da ya fitar da ni shi ne na gane an mayar da ni tafinta. Sau biyu ana buɗe gurbi a sashen masu tsara kayan kamfanin, sau biyu ina nema, na yi kwas da kuɗin da kamfanin ke bayarwa na ƙaro ilimi, na koyi SQL ina iya ciro bayanai da kaina, na ci jarrabawar da suka ba ni. Na biyun wani manaja ya ja ni gefe ya faɗa min gaskiya, ya ce in ka tafi wa zai riƙe layin Hausa, samun irinka da wuya. Wato abin da ya shigar da ni shi ne ya ɗaure ni a kujera ɗaya. Waɗanda muka shigo tare a layin Turanci sun zama shugabannin tawaga, wasu sun koma sashen bin sawun damfara, ni ina nan da abin magana a kunne ana kirana duk lokacin da ake son a fassara saƙon talla. Ba na ce mugunta ba ce, ban ga ƙiyayya a idon kowa ba, amma sun ɗauki Hausa a matsayin matsalar da ake nemo wanda zai kashe, ba su ɗauke ta a matsayin kasuwar da ake zama da masu ita a tsara ba. Kuma mu ma da laifinmu, lokacin da ake neman injiniyoyi da masu nazarin bayanai na sha tura talla a guruf-guruf na 'yan arewa, waɗanda ke nema ba su taka kara sun karya ba.

In taurari biyar ne zan ba su uku da rabi. Biyan haƙƙi a kan lokaci, asibiti, ɗaukar aiki ba da sanayya ba, da abin da mutum zai koya, a nan sun ci. Na shiga ban san yadda kuɗi ke tashi daga banki zuwa banki ba, na fito na san awa 72 da Babban Banki ya ba da a mayar wa mutum kuɗinsa in POS ta cire ba ta biya ba, na san inda ake kai ƙara in an wuce, yanzu ko a unguwa aka samu matsala ni ake nema. Inda suka faɗi shi ne bambancin 'yan kwantiragi, ƙirga minti a kan mutanen da ba a gina manhajar don su ba, da rufin da ke saman kan mai layin yare.

Ƙanina da ke shirin nema, ka nema, ban hana ka ba, ya fi zaman jiran aikin gwamnati sau dubu. Amma ranar intabiyu in sun ce kana da tambaya kada ka ce babu. Ka tambaye su takardar ɗaukar aikin da sunan wa za ta fito, su ko wani kamfanin kwantiragi. Sannan ka ce su gaya maka mutum nawa ne suka fara daga layin Hausa suka koma wani sashe, kuma yanzu suna ina.